Sauro da Lebura a Tarihin Haƙa Mashigin Fanama

Duk wanda ya dubi taswirar duniya zai ga wani siririn wuyan ƙasa da ya haɗa Amurka ta Arewa da ta Kudu, ya kuma raba Tekun Atlantika da na Fasifik. Kafin a yanka wannan wuya, jirgin ruwan da ya tashi daga New York zuwa San Francisco sai ya kewayo ta ƙarshen Amurka ta Kudu, watau ƙarin tafiyar mil 8,000 ke nan ko kusa da haka. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa aikin bai yiwu ba sai da aka ci ƙarfin sauro, kuma waɗanda suka fi biyan kuɗinsa da rayukansu ba su ne aka fi ambata ba.

Faransawa ne suka fara sa hannu a 1881, a ƙarƙashin Ferdinand de Lesseps, mutumin da ya yi suna da haƙa mashigin Suwez na Masar, wanda aka buɗe a 1869. Nasarar Suwez ce ta ruɗe shi. Can rairayi ne da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Nan kuwa kurmi ne da tuddai da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ga kogin Chagres mai yawan ambaliya. Duk da haka ya nace sai an haƙa daidai da fuskar teku.

Abin da ya fi karya su cuta ce, wato shawara da zazzaɓin cizon sauro. A lokacin an ɗauka mugun tururin fadama ne ke kawo su. Har ma a asibitocinsu akan tsoma ƙafafun gadon majiyyaci cikin kwanonin ruwa don hana tururuwa hawa, ba a san gidan haihuwa ake gina wa sauro ba. Wani abin takaici, a wannan shekara ta 1881 wani likitan ƙasar Kuba, Carlos Finlay, ya riga ya ce sauro ke yaɗa shawara, amma ba a kula shi ba sai da Walter Reed ya tabbatar da maganarsa a 1900. Kamfanin ya karye a 1889, bayan mutuwar mutane kimanin 22,000.

Shigar Amurka kuwa ba ta rasa ƙura ba. Fanama lardi ne na Kolombiya. Da majalisar Kolombiya ta ƙi yarda da sharuɗɗan Amurka a 1903, sai Amurka ta goyi bayan masu neman ɓallewa, ta karɓi yankin mashigin daga hannun sabuwar ƙasar, ta soma aiki a 1904.

Likita William Gorgas ya sa aka yi ta yashe kududdufai, ana zuba mai a kan ruwan da ya kwanta, ana sare ciyayi, ana turara gidaje, ana sa raga a tagogi. Kafin 1906 ta ƙare an kau da shawara daga yankin. A wannan shekara kuma aka yi watsi da tsarin de Lesseps. Aka datse kogin Chagres, aka sami tafkin Gatun mai tudun ƙafa 85 bisa teku, aka gina ɗakunan ruwa masu ƙofofin ƙarfe. Jirgi ya shiga ɗaki, a rufe, a cika ruwa ya ɗaga shi, sa'an nan a buɗe masa na gaba, kamar mai hawa matakala.

To, su wa suka riƙe diga da shebur? Galibinsu baƙar fata ne daga tsibiran Karibiyan, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Barbados kaɗai ta ba da wajen 20,000. An kasa ma'aikata gida biyu: 'yan zinariya, akasarinsu fararen Amurkawa, da 'yan azurfa, watau sauran. Bambancin bai tsaya ga albashi ba, ya kai ga masauki da wurin cin abinci. Su ne aka fi turawa yankan tudun Culebra, inda ƙasa ke zaftarewa, nakiya ke tashi ba shiri. Cikin mutum 5,609 da aka rubuta mutuwarsu a zamanin Amurka, mafi yawa daga cikinsu suke. A ganina, tarihin da ya ambaci Goethals, babban injiniyan da ya kammala aikin, ya tsallake waɗannan, ya yi rowar gaskiya.

An buɗe mashigin ran 15 ga Agusta 1914, tsawonsa wajen mil 50, amma hankalin duniya na kan yaƙin da ya ɓarke a Turai. Fanama ba ta karɓi ikonsa ba sai ran 31 ga Disamba 1999, bisa yarjejeniyar da Omar Torrijos da Jimmy Carter suka sa wa hannu a 1977.