Katin Bashi Mai Tukuici a Kuala Lumpur: A Duba Yarjejeniya Kafin a Ƙirga Maki

Darasinmu na wannan karo yana magana ne a kan katin bashi, musamman irin wanda banki yake tallatawa da alkawarin tukuici.

Mafi yawanmu mun baro Kano ko Zariya ko Katsina ko Maraɗi ba mu san wani kati ba sai na cirar kuɗi, wanda ba ya ba mutum sai abin da ya ajiye. A nan Malesiya kuwa, duk mai ɗaukar albashi da ya ratsa manyan kantuna irin su Mid Valley ko Suria KLCC zai iske wakilan bankuna sun kafa tebur, suna miƙa masa takarda, suna yi masa alkawarin akwatin tafiya kyauta da makin da zai zama tikitin jirgi. Tambayar da 'yan'uwa suka fi yi ita ce: wane kati ne ya fi tukuici? A ganina wannan tambaya ta ƙarshe ce. Kafin a kai gare ta, dole Musulmi ya san irin yarjejeniyar da zai sa wa hannu, sannan ya tabbatar zai iya biyan duk abin da ya kashe a kowane wata. Wanda ya tsallake waɗannan biyu ya faɗa wa tukuici, ya sayi kwalliya ne ya bar kayan.

Yadda katin yake aiki

Idan mutum ya goga kati a kanti, banki ne yake biyan mai kanti a madadinsa. Bayan wata guda sai bankin ya haɗa jimillar ya aiko masa da takardar lissafi, ya ba shi wa'adin kwana 20 daga ranar da aka fitar da ita. In ya biya duka a cikin wa'adin, ba a ƙara masa komai a kan sayayyarsa. In ya bar saura, daga nan ƙari yake farawa.

Babban bankin ƙasar, Bank Negara Malaysia, shi ne ya shimfiɗa ƙa'idojin. Ba a ba mutum kati na kansa sai ya kai shekara 21, kuma abin da yake samu a shekara ya kai ringgit 24,000. Wanda samunsa bai wuce ringgit 36,000 a shekara ba, ba zai riƙe katin fiye da bankuna biyu ba, kuma kowane banki ba zai buɗe masa bashin da ya wuce ninki biyu na albashinsa na wata ba. Ƙarin da ake ɗora wa ragowar bashi hawa uku ne: kashi 15 cikin ɗari a shekara ga wanda ya yi wata 12 a jere yana biya a kan lokaci, kashi 17 ga wanda ya cika wata 10 cikin 12, kashi 18 ga sauran. Akwai kuma harajin gwamnati na ringgit 25 a kan kowane kati duk shekara.

Mu baƙi, banki yakan nemi fasfo da izinin aiki da takardun albashi, wasu kuma su nemi a kafa musu ajiya a matsayin jingina. Shi ya sa ɗalibanmu na Gombak da Serdang galibi ba sa samun wannan kati. Ban ɗauki hakan a matsayin asara ba, kuma dalili zai bayyana a gaba.

Matsayin Shari'a

A Hausa kalmar riba tana ɗaukar ma'ana biyu: ribar ciniki wadda take halal, da ƙarin da ake ɗora wa bashi wanda ƙarshen Suratul Baƙara ya haramta da kakkausar murya. Domin kada a ruɗe, zan kira na biyun kuɗin ruwa.

Katin bankunan da ba na Musulunci ba an gina shi ne a kan sharaɗin cewa in ka jinkirta biya za ka ba da kuɗin ruwa. Wani zai ce, ai ni kullum a kan lokaci zan biya, ruwa ba zai taɓa hawa kaina ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, wadda take ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, ta duba wannan hujja a zamanta na 12 a Riyad a shekarar 2000. Ƙudurinta mai lamba 108 ya tafi a kan cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da aka sharɗanta kuɗin ruwa a cikinsa ba, ko da mai neman katin ya ƙudurce biya kafin wa'adi ya cika. Dalili shi ne, sa hannu a kan sharaɗin amincewa ne da shi, kuma babu wanda ya mallaki gobe. Gaskiya ne wasu malamai sun yi sauƙi ga Musulmin da suke zaune a ƙasashen da babu bankin Musulunci, saboda larura. To amma wannan larura ba ta tare da mazaunin Kuala Lumpur, birnin da aka buɗe Bank Islam tun 1983, kuma kusan kowane babban banki yana da reshen Musulunci.

Katin da ake rubuta wa harafin "i"

Katunan Musulunci a nan ana gane su da ƙaramin harafin "i" a ƙarshen sunansu. Bank Islam da Bank Muamalat da Bank Rakyat da Maybank Islamic da CIMB Islamic duk suna bayar da su, ƙarƙashin sa idon Majalisar Ba da Shawara kan Shari'a ta Bank Negara, wadda aka kafa a 1997. Ba duka ne aka gina a kan yarjejeniya iri ɗaya ba, kuma ya kamata mai karatu ya san bambancin.

Ta farko ita ce ujra, wato ladan aiki. Banki yana yanke tsayayyen kuɗi a matsayin ladan hidimomin katin, sannan ya yafe shi gaba ɗaya ga wanda ya biya bashinsa duka, ya yafe wani sashe ga wanda ya bar saura. Wannan yafiya ita ake kira ibra'i.

Ta biyu ita ce tawarruƙi. Banki yana sayen wata haja, misali manja a kasuwar Bursa Suq al-Sila' da aka buɗe a 2009, ya sayar maka da ita bashi a kan farashin da ya haɗa da riba, sannan ya sayar da ita ga wani a madadinka da kuɗi hannu. Wannan kuɗi shi ake zuba wa a asusun da katinka yake ɗiba. Abin da ba ka taɓa ba, ana yafe maka ribarsa.

Akwai ta uku, cinikin ina, inda banki yake sayar maka da abu bashi sannan ya saye shi daga hannunka nan take da ƙaramin farashi. Da ita aka fara katunan farko a wannan ƙasa, bisa dogaro da wata fahimta a mazhabar Shafi'iyya. Malikiyya, mazhabar da aka rene mu a kanta, ba ta yarda da ita ba, domin tana ganinta ƙofa ce ta baya zuwa kuɗin ruwa. Daga baya an tsananta sharuɗɗanta, bankuna suka karkata ga ujra da tawarruƙi.

Amana ta ilimi ta wajabta in faɗi cewa tawarruƙin banki ma bai tsira daga saɓani ba. Majalisar Fiƙihu da na ambata ta hana tsararren tawarruƙi a zamanta na Sharja a 2009, alhali malaman Malesiya sun halatta shi da sharuɗɗa. Haka nan, wanda ya bar saura a katin "i" zai ga abin da ake cajinsa ya yi kusa da na ɗaya katin. Bambancin da yake tsaye shi ne cajin yana da iyakar da ba ya wucewa, ba a ɗora caji a kan caji, kuma katin ba ya aiki a gidan caca ko mashaya. Abin da na fahimta shi ne, wanda ya karɓi katin "i" ya bi fatawar hukuma sananniya a ƙasar da yake zaune, wanda kuma ya ƙaurace masa don tsantseni ya tsare addininsa. Mai biyan bashinsa duka kowane wata shi ne ya fi nisa da wurin saɓanin, tunda ba a karɓar komai daga hannunsa.

Lissafin tukuici

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Tukuicin da banki yake bayarwa yana fitowa ne daga kamashon da yake karɓa a hannun masu kantuna, da kuɗin shekara, da cajin da masu jinkirin biya suke zubawa. A katin Musulunci ana ɗaukarsa kyauta ce daga banki, don haka karɓarsa ba laifi. Abin dubawa shi ne girmansa.

Mu ɗauki misalin magidanci da yake kashe ringgit 2,000 a wata wajen cefane a Mydin ko Lotus's, da man mota, da kuɗin waya. In katinsa yana mayar masa da kashi 1 cikin ɗari, ya samu ringgit 20 a wata, wato 240 a shekara. A cire harajin 25, saura 215, in har an yafe masa kuɗin shekara. Yanzu a ce hidimar salla ko kuɗin makarantar yara ta sa ya bar ringgit 3,000 a kan katin. A hawa na kashi 18, cajin wata guda ringgit 45 ne. Kafin wata biyar ya cika, tukuicin shekara guda ya ƙone.

Tarko mafi hatsari shi ne abin da takardar lissafi take kira mafi ƙarancin biya, wato kashi 5 cikin ɗari na bashin ko ringgit 50, duk wanda ya fi yawa. Mai bashin 5,000 da ya biya 250 zai ji kamar ya sauke nauyi, alhali kusan 75 daga ciki caji ne, uwar kuɗin ba ta ragu da fiye da 175 ba.

Sai kuma ƙananan rubutun da talla ba ta faɗa. Katin da ya yi alkawarin kashi 5 yakan zo da iyaka: in iyakar ringgit 50 ce a wata, to duk abin da ka kashe bayan 1,000 ba shi da wannan tukuici. Wani sai ka kai wani adadi na sayayya kafin ya fara lissafa maka, wani ba ya ba da maki a kan kuɗin da aka zuba a asusun waya irin Touch 'n Go. Mai cefane a kasuwar Chow Kit, inda ake ciniki da tsaba ko lambar DuitNow, ba abin da katin zai tara masa. Saboda haka shawarata ita ce mutum ya zauna da lissafin abin da ya kashe a wata uku da suka wuce, ya zaɓi katin da ya dace da rayuwar da yake yi. Ranar da ka sayi abin da ba ka buƙata don cika adadin maki, ranar katin ya fara cin ka.

Ga matafiya

Hanyarmu ta gida takan bi ta Doha ko Addis Ababa ko Istanbul. Makin Enrich na Malaysia Airlines yana shiga jiragen ƙawancen oneworld, wanda Qatar Airways take ciki, amma Ethiopian Airlines da Turkish Airlines suna cikin Star Alliance. Wanda bai lura da wannan ba zai iya tara makin da ba zai kai shi gida ba. Maki kuma yana da wa'adin ƙarewa, kamfani yana iya rage darajarsa, kuma tikitin maki ba ya ɗauke harajin filin jirgi. Ga mai zuwa gida sau ɗaya a shekara, tukuicin tsabar kuɗi ya fi sauƙin lissafi kuma ya fi tabbas.

A ƙasar waje ana ƙara caji a kan canjin kuɗi. In na'ura a Makka ko Madina ta tambaye ka ka biya da riyal ko da ringgit, zaɓi riyal, domin canjin da na'urar take yi da kanta ya fi tsada. Cirar tsaba da katin bashi ba shi da rangwamen kwana 20, caji yana farawa ne daga ranar. Ga 'yan'uwa mata masu sayen gwal, ƙudurin Riyad ya hana sayen zinariya da azurfa da kuɗin ƙasashe da katin bashi, domin cinikinsu hannu da hannu ne. A yi amfani da katin cirar kuɗi a fita daga saɓani. Umra kuwa ba a wajabta wa kowa ya yi ta da bashin da zai dawo yana ja ba.

Abubuwa biyu sun shafe mu a matsayinmu na baƙi. Na farko, zumunci yakan sa ɗan'uwa ya ce a ɗan goga masa tikiti, zai biya in an turo masa daga gida. Bashin da sunanka aka rubuta shi, kuma duk jinkiri yana shiga kundin CCRIS da bankunan ƙasar suke dubawa. In za ka taimaka, ka taimaka da abin da ka mallaka, a kuma rubuta, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni. Na biyu, wanda zai bar ƙasar ya biya bashinsa, ya rufe katin, ya karɓi takardar shaida. Komawa Kano ba ta sauke haƙƙin banki daga wuyan mutum, kuma ya inganta cewa hatta shahidi ba a yafe masa bashi.

Kafin sa hannu, ka nemi takardar bayanin katin da doka ta wajabta wa banki ya bayar, ka nemo sunan yarjejeniyar a cikinta, ka umarci banki ya riƙa cire jimillar bashin daga asusunka kowane wata. In ka san albashinka ba zai ɗauki wannan ba, katin cirar kuɗi na bankin Musulunci ya ishe ka cefane da tikiti da otal, kuma ka kwana babu mai binka. Allah ne mafi sani. Allah ya wadata mu da halal ɗinsa, ya tsare mu daga nauyin bashi, ya mayar da mu gida lafiya.