Yadda Ake Rainon Jinjirin Kyanwa Idan Ba Uwa

Jinjirin kyanwa yana zuwa duniya ido a rufe, kunne a naɗe, nauyinsa wajen giram 100. Ba ya iya ɗumama jikinsa, ba ya cin komai sai nono, ba ya kuma fitsari ko kashi sai uwa ta lashe masa. Duk wanda ya ɗauki rainonsa ya gaji ayyukan nan uku, kuma a jere ake yin su: ɗumi, sannan abinci, sannan tsarki. Sauya jerin, musamman ɗura wa jinjiri madara jikinsa na sanyi, shi kaɗai ya isa ya kashe shi.

Tabbatar da cewa maraya ne

Kyanwa takan bar ’ya’yanta ta tafi neman abinci, takan kuma kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon maɓoya. Idan ka tarar da su a bayan rumbu ko ƙarƙashin tarkace, sun haɗa kai suna barci, ciki a cike, jiki da tsabta, to uwar tana kusa. Barbaɗa ɗan gari a kewayen wurin, ka ja da baya na ’yan awoyi. Idan ta dawo za ka ga sawunta. Amma wanda ka tarar shi kaɗai, jikinsa da sanyi, ko yana ta kuka ba ƙaƙƙautawa, ko tururuwa sun fara hawansa, ba a jira da shi. Idan akwai wata kyanwa mai shayarwa a unguwa, a gwada ba ta shi. Sau da yawa takan karɓa, kuma babu madarar da ta kai nononta.

Ɗumi kafin komai

Taɓa tafin ƙafarsa da kunnensa, ka sa ɗan yatsa a bakinsa. Idan ka ji sanyi, kada ka ba shi komai tukuna, domin hanjin da ya yi sanyi ba ya narkar da abinci. Sa shi cikin rigarka, jikinsa ya haɗu da naka, ka bar shi ya ɗumama a hankali, minti 30 zuwa awa guda.

Sai a haɗa masa makwanci. A sami kwali, a shimfiɗa tsohon tawul. A zuba ruwan zafi a gorar roba, a naɗe ta da tsumma yadda ba za ta ƙona ba, a ajiye ta a gefe guda, a bar ɗaya gefen fili domin ya matsa idan zafi ya yi masa yawa. A makon farko yana son ɗumi kamar digiri 30 zuwa 32, ana ragewa kaɗan-kaɗan har ya kai mako huɗu. A lokacin hunturu sai an riƙa sauya ruwan gorar, har cikin dare. Kada a kai kaskon garwashi kusa da shi, hayaƙin yana kisa. A bazara kuwa zafi ne abin tsoro, sai a nema masa ɗaki mai inuwa, inda ɓera da kiyashi ba za su kai gare shi ba.

Madarar da za a ba shi

Nonon kyanwa ya fi na saniya maiƙo da sinadarin gina jiki, shi kuwa na saniya ya fi yawan sukarin nono. Shi ya sa madarar shanu, ta gari ce ko ta gwangwani, take sa jinjirin zawo, kuma zawon kwana ɗaya yana iya tsotse shi. Madarar jariran mutane ma ba ta ishe shi ba. Abin da ake nema shi ne madarar da aka haɗa domin ’ya’yan kyanwa, irin su KMR da Royal Canin Babycat Milk, a shagunan magungunan dabbobi na manyan garuruwa. Kafin a samo, ana iya riƙe shi na kwana ɗaya ko biyu da nonon akuya: a tafasa kofi guda, a bar shi ya huce, a kaɗa kwaiduwa ɗaya a ciki, ban da farin ƙwan.

A dama madarar da ruwan da aka tafasa, bisa awon da ke jikin gwangwani. Inda babu tabbacin wuta ga firij, a riƙa dama daidai abin da zai sha a lokacin, a zubar da ragowa. A ɗiga a bayan hannu kafin a ba shi: ɗumi-ɗumi ake so, daidai zafin jiki.

Yadda ake shayar da shi

Ƙaramin sirinji marar allura, mai cin mililita 1 zuwa 5, ya wadatar a kwanakin farko. In an sami ’yar fidar kyanwa, a huda kan nonon yadda idan an kifa ta madara za ta riƙa ɗiga, ba zuba ba.

Shimfiɗa tawul a cinyarka, ka kwantar da shi rubda ciki, yadda zai kwanta a jikin uwarsa. Kada a rungume shi rigingine irin na jaririn mutum, madara za ta bi ta huhu. Tallafe kansa da yatsu biyu, ka sa bakin sirinjin ta gefen bakinsa, ka ɗiga ɗigo ɗaya a harshe, ka jira ya haɗiye. Idan ya kama, za ka ga harshen ya naɗe bakin sirinjin, kunnuwa suna motsi tare da kowace haɗiya, ƙafafun gaba suna tattaka tawul. Bi shi da saurinsa, kada ka danna da ƙarfi. Da ka ga kumfar madara ta hanci, ka tsaya, ka sunkuyar da kansa ƙasa kaɗan, ka goge. Idan daga baya numfashinsa ya riƙa ƙara, sai asibitin dabbobi.

A makon farko yana shan mililita 2 zuwa 6 duk bayan awa biyu, dare da rana. A na biyu, 6 zuwa 10 duk awa biyu zuwa uku. A na uku, 10 zuwa 14 duk awa uku zuwa huɗu. A na huɗu, 14 zuwa 18 duk awa huɗu zuwa biyar. Ciki ya yi tumbur amma da laushi. Idan ya yi tauri an cika masa. Bayan ya sha, a shafa bayansa a hankali ya yi gyatsa. Sirinji da fida a wanke su da ruwan zafi kowane karo.

Tsarki

Bayan kowace shayarwa, jiƙa auduga da ruwan ɗumi, ka riƙa shafa ƙasan cikinsa da gindin wutsiya a hankali, kana kewayawa. Cikin ƙasa da minti ɗaya fitsari zai fito. Ci gaba da shafawa har ya tsaya. Fitsarin lafiya kusan fari ne, wanda ya yi ja-ja yana nuna ruwan jiki ya yi ƙasa. Kashi yakan zo kamar sau ɗaya a rana, rawaya, mai ɗan kauri. Idan an kwana biyu babu, ko ya koma ruwa, a tuntuɓi likitan dabbobi. A goge masa baki da fuska, a tsane shi sosai kafin ya koma kwali.

Ƙuma da magunguna

Ƙuma tana shan jinin jinjiri har dasashinsa ya yi fari. A cire su da ƙaramin mataji mai ƙananan haƙora, ana tsomawa a ruwan sabulu. Kada a kusance shi da fiya-fiya, ko maganin sauro na feshi, ko maganin ƙumar karnuka, domin sinadarin permethrin da ke cikin da yawansu guba ne ga kyanwa. Haka Dettol. Farasitamol kuwa, ko gutsure ne, yana kashe babbar kyanwa ma, balle jinjiri.

Awo kullum

Sikelin kicin shi zai fara gaya maka gaskiya. A auna shi kullum a lokaci guda, a rubuta. Mai lafiya yana ƙara giram 10 zuwa 15 a rana. Idan nauyi ya tsaya ko ya ragu, ko ya ƙi shan madara sau biyu a jere, akwai matsala. Wanda ya yi laƙwas, a ɗumama shi, a shafa masa ruwan sukari a dasashi, a garzaya da shi wurin likita. Wanda bai sami dakashin uwarsa a ranar farko ba garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfi, don haka a wanke hannu kafin a taɓa shi, a kuma raba shi da sauran dabbobin gida.

Yaye

Ido yana buɗewa tsakanin kwana 7 da 14. Kada a buɗe masa da hannu. Wajen mako uku haƙora suna fitowa, ya fara tafiya yana tangaɗi. A nan ake ajiye masa faranti mai yashi, a riƙa sa shi ciki bayan ya sha, da kansa zai fara tono. A mako huɗu a dama abincin ’ya’yan kyanwa na gwangwani da madararsa ya yi ruwa-ruwa, a lakata a yatsa a ba shi ya lasa, sannan a koma faranti. Dafaffen naman kaza ko kifi da aka cire wa ƙaya aka marmashe yana taimakawa, amma ba gishiri, ba albasa, ba tafarnuwa. Tuwo da shinkafa ba sa gina kyanwa, dabba ce mai cin nama. A ajiye ruwa a kwano marar zurfi, a rage madara a hankali har a yaye shi tsakanin mako shida da takwas.

Likitan dabbobi zai ba da maganin tsutsar ciki daidai nauyinsa, ya fara rigakafi wajen mako takwas, sannan allurar haukan kare idan ya kai mako 12. In kyauta za a yi da shi, a bari ya cika mako takwas yana ci da kansa, a kuma haɗa wa sabon mai shi da takardar awon da sunan abincin da ya saba.