Amsoshin Tambayoyinku: Firij Mai Famfo a Ƙofa

Tambaya: Ina da shagon kayan sanyi a Kaduna. Na ga wani Ba'amurke a bidiyo ya huda ƙofar firij ɗinsa ya dasa famfo, da ya ja hannun famfon sai giya ta zubo da sanyinta. Ni ba ruwana da giya, dabarar ce ta ba ni sha'awa. Yaya abin yake aiki, kuma zan iya yi wa zoɓon da nake sayarwa haka?

Amsa: Za ka iya, amma da sharaɗi. Bari mu faro daga tushe.

Abin da ka gani ya yaɗu ne a Amurka bayan 1978, shekarar da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa giyarsa a gida. Masu dafawar sun gaji da wankin kwalabe, domin dahuwa ɗaya ta lita 19 tana cin kwalba kusan 50. Ana nan sai kamfanonin Pepsi da Coca-Cola suka daina amfani da wasu tulunan ƙarfe da ake kira Cornelius, waɗanda suke kai lemo gidajen abinci a cikinsu. Tulunan suka yi araha, masu giyar gida suka kwashe. Ka ga ke nan asalin tulunan na lemo ne, giya aro ta yi.

Kayan aikin shida ne: firij, tulun ƙarfe mai cin lita 19, silindar iskar kabon wadda ke sa lemon kwalba tsiri a harshe, regileta mai rage ƙarfin iskar, tiyo biyu, sai famfo. Tiyo na farko yana kai iska daga silinda zuwa saman tulun. Iskar ta danne abin shan, shi kuma ya biyo wani siririn bututu da ya kai har gindin tulun, ya shiga tiyo na biyu, ya fito ta famfo. Babu injin da ke jan komai, dannin iska ne kawai. Iskar kuma tana tare hanya kada iskar waje ta shiga ta lalata abin da ke ciki.

Uban tafiyar shi ne sanyi. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe gas, kuma duk wanda ya taɓa buɗe kwalbar lemo da ta sha rana ya san haka. Shi ya sa masu giya ke tsayar da firij a digiri 3 zuwa 4, su sa regileta a kan 10 zuwa 12 a ma'aunin psi. Tiyon da ke zuwa famfo siriri ne, faɗin cikinsa bai kai milimita 5 ba, tsawonsa kuwa mita ɗaya da rabi zuwa uku. An tsawaita shi ne don ya rage gudun abin shan. In ka gajarta shi, ko ka bar tulun ya ɗumama, kofi zai cika da kumfa zalla.

Wajen huda firij ne aka fi yin ɓarna. Taɓa gefen firij na zamani yana aiki, za ka ji ɗumi: bututun gas ɗinsa ne aka binne a bangon. Huda ɗaya a nan ta kashe firij ɗin, ga shi da yawa daga cikin sababbi suna amfani da gas R600a, wanda yake kama wuta. Ƙofa ake hudawa, ita ma bayan an cire soket, an kuma tabbata babu wayar lantarki a ciki. Kira mai gyaran firij ya duba maka kafin ka ɗauki injin huda. In firiza ce mai murfi a sama, ba a huda ta sam. Ana cire murfin ne a kafa katako zagaye da bakinta, a mayar da murfin a kai, a huda katakon. Sai a haɗa mata na'urar da ke yanke wuta in sanyi ya kai, don kada tulun ya zama ƙanƙara.

Silindar ma ba abin wasa ba ce. Ƙarfin iskar cikinta ya haura 800 a ma'aunin psi, saboda haka ba a ɗura ta a tukunyar gas ɗin girki, ba a kuma haɗa ta da tulu sai ta regileta. A tsaye take zama, a ɗaure, nesa da rana. Sayi iskar da aka tanada don abin sha. Bayan haɗawa, shafa ruwan sabulu a kowane mahaɗi. Inda ya yi kumfa, nan ke yoyo. Iskar ba ta da wari, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwanciya. Ita ce ta taso daga tafkin Nyos a Kamaru cikin Agustan 1986 ta hallaka mutum sama da 1,700. Silinda ɗaya ba tafki ba ce, amma in yaron shago yana kwana a ƙasa a rufe, kada ta kwana tare da shi.

Yanzu ga zoɓonka. Tace shi sau biyu da farin ƙyalle, domin ɗan guntun citta ko kanumfari ya isa ya toshe bututu. Kunun aya, kunun zaƙi da fura ba su dace da wannan tsari ba, suna kwantar da gari kuma suna saurin tsami. Kada famfon ya zama na jan ƙarfe ko tagulla: tsamin zoɓo da gas suna cin su, gubar ta shiga kofi. Nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ka sani kuma zoɓon zai riƙa ɗaukar gas har ya koma kamar lemon kwalba, don haka gwada kaɗan ka ji bakin masu saye. Masu giya na wanke tiyonsu duk mako biyu. Kai mai sukari da yawa, wanke duk lokacin da tulu ya ƙare.

Sharaɗin da na ambata tun farko shi ne wuta. Ba'amurken nan firij ɗinsa ba ya hutawa dare da rana. Kai kuwa in aka ɗauke wuta kwana biyu a watan Afirilu, zoɓo mai sukari a rufe cikin ɗumi zai fara tsima, abin da ka ce ba ruwanka da shi ya haɗa kansa a cikin tulunka. In kana da sola ko janareta da zai riƙe firij ba yankewa, kuma kana ƙarar da lita 19 cikin kwana biyu ko uku, bismillah. In ba haka ba, Malam, riƙe kuɗinka: bokiti mai famfo da ƙanƙara sun fi maka rufin asiri. Allah ya ba da kasuwa.