Tambaya da Amsa: Zagayen Bayan Fage a Disney, Ya Cancanci Kuɗinsa?

TAMBAYA

Ni malamar makaranta ce a Kaduna. Ƙanena da ke zaune a jihar Fulorida ta Amurka ya gayyace mu hutu, ni da maigida da yaranmu uku: babbar shekararta 17, mai bi mata 12, auta kuma 8. Ya ce zai kai mu Disney, kuma wai akwai zagaye na musamman da ake biya daban, jagora ya shiga da mutum inda sauran jama'a ba sa shiga. Maigida ya ce ɓarnar kuɗi ce. Ni kuma tsorona kada yara su ga yadda ake haɗa abin, daɗinsa ya fita daga ransu. Ina neman shawara.

Maman yara uku, Kaduna

AMSA

Hajiya, Allah Ya kai ku lafiya, Ya saka wa ƙanenki da alheri.

Tsoron naki kamfanin Disney ma ya riga ki yin sa. Zagayen da ƙanenki yake nufi, bisa dukkan alamu, shi ne wanda ake kira Keys to the Kingdom, a dandalin Magic Kingdom da ke kusa da birnin Orlando, kuma ba a yarda wanda bai kai shekara 16 ba ya shiga. Ke nan ƙananan biyun ba sa cikin lissafi. A bayan fage akan iya cin karo da ma'aikacin da ke sanye da kayan ɗan ɓeran nan Mickey ya cire kan ya riƙe a hannu yana hutawa, kuma ba sa son yaro ya ga haka. Ɗaukar hoto a can ma an hana.

To me babba yake gani? Tafiyar ƙafa ce ta wajen awa biyar, har da abincin rana a ciki, kuma abin da ya fi jan mutane shi ne hanyoyin da ke ƙarƙashin dandalin. Ana ba da labarin cewa Walt Disney, wanda kamfanin ke ɗauke da sunansa, ya taɓa ganin ma'aikaci cikin shigar kaboyi yana ratsa sashen da aka tsara don nuna duniyar gobe, a Disneyland ta Kalifoniya wadda aka buɗe a 1955, abin ya ɓata masa rai. Ya rasu a 1966, yayansa Roy ya ƙarasa aikin Fulorida, aka buɗe shi ranar 1 ga Oktoba, 1971, da hanyoyin da ma'aikaci zai bi ya ɓullo a sashensa ba tare da baƙo ya gan shi ba. Sai dai Fulorida ƙasa ce mai fadama, ba a nisa da haƙa ake tarar da ruwa. Don haka ba rami suka tona ba. A doron ƙasa suka gina hanyoyin, suka kwaso ƙasar da aka haƙa wajen yin tafkin da ke gaban ƙofar shiga suka rufe su, sannan suka ɗora dandalin a kai. Duk mai yawo a Magic Kingdom a saman bene yake tafiya bai sani ba.

A ƙasan nan ba za ki ga ado ba. Bango ne na kankare, bututu a sama, ƙananan motocin lantarki ɗauke da kaya, ma'aikata suna sauri su kama aiki. Kina tsaye sai ki ji ƙara ta wuce ta saman kanki: shara ce iska ke zuƙa ta cikin bututu zuwa matattara a bayan dandalin, fasahar da aka samo daga Suwidin. Shi ya sa ba kya ganin motar shara tana ratsa jama'a. A sama kuma jagora zai nuna miki cewa benayen babban titin shiga ana rage girman kowane hawa a kan na ƙasansa don ido ya ga sun yi tsawo, kuma fadar nan da kowa ke ɗaukar hoto a gabanta babu tubalin dutse ko ɗaya a jikinta, ƙarfe ne da kankare da wani irin roba mai ƙarfi. Tsawonta ƙafa 189, an tsayar da ita ƙasa da 200 don kada doka ta tilasta maƙala mata jar fitilar gargaɗin jiragen sama.

A ganina wannan ba ya rage daɗi. Wadda ta leƙa madafar gidan biki ta ga matan da suka kwana a gindin murhu, ita ta fi sanin darajar abincin da aka kawo mata. Abin da ke burge ni a wurin shi ne kula: fentin da ake sabuntawa da dare, shuke-shuken da ake sauyawa kafin a buɗe ƙofa, mutum dubbai da kowa ya san wurin tsayuwarsa. Gina abu mai kyau ba shi ne wuya ba, riƙe shi fiye da shekara hamsin yana sheƙi shi ne aikin. 'Yarki mai 17, wadda ke gab da zaɓen abin da za ta karanta, za ta ga injiniya da tela da mai kula da lantarki da mai tsara zirga-zirgar jama'a duk a aiki guda. Ke malama ce, kin fi ni sanin abin da irin wannan gani yake yi wa yaro.

Maigida kuma yana da gaskiyarsa. Kuɗin ya haura dala ɗari ga mutum ɗaya, ban da tikitin shiga dandalin, kuma awa biyar ɗin daga cikin yinin da kuka biya za a cire su. In yini ɗaya kawai kuke da shi a Magic Kingdom, ku bar zagayen, ku sha kallo tare da yaranku. Wanda bai ga gaba ba, bayan fage ba zai yi masa ma'ana ba.

Ga ƙananan akwai wanda na fi so a kai su. A dandalin EPCOT, wanda aka buɗe a 1982, ana yin zagayen Behind the Seeds, wajen awa ɗaya, kuɗinsa bai kai rabin na farko ba, kuma yara na shiga. Ana ratsawa da ku cikin rumfunan noma, ku ga latas da tumatir suna girma babu ƙasa, jijiyoyinsu cikin ruwa mai sinadarin taki, wasu ma a rataye ana fesa musu. Akwai tankunan kiwon kifi, har da karfasa, akwai ƙwarin da ake kiwo don su cinye masu ɓata amfanin gona, kuma wani kaso na abin da aka girbe a gidajen abincin dandalin ake dafa shi. Yaron da ya san gonar kakansa zai cika jagora da tambayoyi. A dandalin Animal Kingdom kuma akwai Wild Africa Trek na awa uku, inda ake taka gadar igiya ta saman kadoji da dorina. Daga shekara 8 ake karɓa, ana ɗaura wa mutum ɗamarar kariya, don haka sai da wando, kuma ya fi tsada. Idan kun shiga motar kallon namun daji a can, ki sa yara su dubi kukokin da kyau. Na kankare ne.

Ki sa ƙanenki ya kama gurbi tun da wuri, don ana buɗe rajista kwana 60 kafin ranar kuma mutane kaɗan ake ɗauka a kowane rukuni. Ku tafi da katin shaida mai hoto saboda batun shekaru. Da Turanci ake bayanin. Zagayen Keys to the Kingdom da safe ake farawa, a gama wajen azahar, sallarku ba za ta kuɓuce ba. Wajen abinci ku faɗa tun farko cewa ba kwa cin naman alade, ku zaɓi kifi ko kayan lambu. In tsakanin Yuni da Agusta za ku je, zafi ne mai gumi da ruwan la'asar kusan kullum, ku nemi takalmi mai daɗin tafiya.

Shawarata, Hajiya: ranar farko ku shiga gaba ɗaya ku yi kallo kamar kowa. In akwai rana ta biyu, ke da babbar 'yarki ku yi zagayen ƙarƙashin ƙasa, maigida da kawunsu su riƙe ƙananan. Na gonar EPCOT kuwa ku je dukanku, har da maigida.