Jinjirin Macijin Masara: Ciyarwarsa, Mazauninsa da Haɗarin Tsintar Na Daji

Macijin masara maciji ne marar dafi, ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka, inda yake rayuwa a dazuzzuka da gefen gonakin jihohi irin su Fulorida da Jojiya. Masana na kiransa Pantherophis guttatus. Bayansa ruwan goro ne mai manyan tabo jajaye da baƙi ya zagaye, cikinsa kuwa dabbare-dabbaren fari da baƙi. Manoman can sun saba ganinsa a rumbunan masara yana farautar ɓeraye: ya cafki ɓera da baki, ya kanannaɗe shi har ya mutu, sannan ya haɗiye shi ta ka. Babbansa kan kai tsawon mita 1 zuwa 1.5. A daji da wuya ya wuce shekara 8, amma a hannun mai kiwon da ya san aikinsa yakan haura 20. Saboda sanyin halinsa ya zama ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwo a gidajen Turai da Amurka, kuma tun daga 1961, lokacin da wani likita mai suna Bernard Bechtel ya fara samar da zabiyarsa ta hanyar barbara, masu kiwo suka yi ta fitar da launuka iri-iri. Su ne matasa ke gani yau a TikTok da Facebook suna sha'awa.

Macen kan saka ƙwai 10 zuwa 30, a ƙyanƙyashe su bayan wata biyu. Jinjirin na fitowa da tsawon santimita 20 zuwa 30, kaurinsa bai fi na fensir ba. Ba ya bukatar abinci nan take, domin akwai sauran gwaiduwa a cikinsa. Bayan kamar mako guda zai yi saɓar farko, kuma sai bayanta ake fara ba shi abinci. Wanda ya matsa masa kafin nan ya tsorata shi ne kawai.

Abincinsa jinjirin ɓera ne wanda bai yi gashi ba, guda ɗaya, duk bayan kwana 5 zuwa 7. Ƙa'idar girma ita ce kada kaurin ɓeran ya wuce wurin da ya fi kauri a jikin macijin sai da kaɗan. Idan ya girma sai a ƙara girman ɓeran, a kuma tsawaita tazarar zuwa mako guda, daga baya kwana 10 ko mako biyu. Ba ya shan madara, ba ya cin tsaki ko fara, kuma yankan nama ba ya riƙe shi. Yana bukatar dabba sukutum da ƙashinta da hantarta, domin daga nan yake samun sinadarin gina ƙashi. Jinjirin da aka rena da tsoka zalla yakan tashi da laushin ƙashi.

Babbar matsalar mai kiwo a Yako ko Tudun Wada da ke kudancin Kano ita ce inda zai samo ɓeran. Rumbu cike yake da su, musamman da kaka, amma ɓeran rumbu bai dace ba ko kusa. Wataƙila ya ci shinkafar ɓera, gubar ta wuce cikin macijin. Yana ɗauke da tsutsar ciki. Abin da ya fi tayar da hankalin likitan dabbobi kuwa shi ne lafiyar mutumin kansa: ɓeran nan mai nonuwa da yawa da ke zama a gidaje da gonaki shi ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Tona sheƙarsa da hannu don ɗebo jarirai kasada ce ga mai kiwon da duk iyalinsa. Abin da ya dace shi ne fararen ɓeraye na kiwo, irin waɗanda ɗakunan bincike na jami'o'i da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke renon su. A ƙasashen da wuta ba ta yankewa ana sayen su a daskare. A Nijeriya kuwa firiza ba abin dogaro ba ce, kuma ɓeran da ya narke ya sake daskarewa zubarwa ake yi. Ya fi sauƙi a ajiye mace biyu da namiji ɗaya a keji mai tsabta. Cikin ɓera mako uku ne. Idan daskararre ne, a sa shi a leda a tsoma a ruwan ɗumi har ya narke ciki da waje, ba a tafasa shi. A miƙa da hantsaki da almuru, lokacin da macijin ke fita farauta, sannan a bar shi shi kaɗai.

Wasu jarirai kan ƙi ci. A daji abincinsu na farko ƙananan ƙadangaru ne da kwaɗi, don haka warin ɓera baƙo ne gare su. Masu kiwo kan wanke ɓeran su goga masa saɓar ƙadangare, ko su kwana da shi tare da macijin a ƙaramin mazubi mai duhu. Ba a gwadawa kullum. A bar kwana biyar tsakani. Ɗura aikin likita ne, domin maƙogwaron jinjiri ba ya jure ganganci. Bayan ya ci ba a ɗaukarsa sai an yi kwana biyu. Idan ya amayar, a dakata da ciyarwa kwana 10 zuwa 14, a binciki dalili, wanda galibi sanyi ne, ko girman ɓera, ko yawan taɓawa. Amai biyu a jere na iya kashe jinjiri.

Mazauninsa bai bukatar kuɗi mai yawa. Robar abinci mai tsawon santimita 30 da murfi mai kamawa ta isa. A huda ta da ƙusa mai zafi, ƙananan ƙofofi, domin duk inda kansa ya shiga jikinsa zai bi. A shimfiɗa takarda a ƙasa, ba yashi ba, ba ƙaiƙayin shinkafa ko garin katako ba, saboda sukan manne wa abinci su toshe hanji. Takarda kuma na nuna kashinsa da duk wani ƙwaron da ya sauka daga jikinsa. A kifa rabin ƙoƙo a kowane gefe ya zama maɓoya, a sa ruwa a ƙaramin kasko mai nauyi, a sauya kullum. Kowane jinjiri da robarsa, domin wani kan haɗiye ɗan'uwansa.

Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa, daga waje yake karɓa, shi ya sa ake so gefe ɗaya na robar ya kasance digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Selshiyas, ɗayan 22 zuwa 25, ya zaɓi inda yake so. Littattafan Turawa sun fi magana kan yadda za a ɗumama shi. A kudancin Kano abin ya kasu biyu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40, ɗakin kwano ya fi haka, kuma jinjirin da ya daɗe a sama da 35 yana iya mutuwa cikin awoyi. A lokacin sai a sauke robar ƙasa a ɗakin ƙasa mai kauri, kusa da randa, a rufa jiƙaƙƙen tsumma a gefe ɗaya, kada rana ta taɓa ta ko ta taga. Da hunturu kuwa dare kan sauka ƙasa da digiri 15, balle a wajen duwatsun Riruwai. A irin wannan sanyi narkewar abinci tsayawa take yi, ɓeran ya ruɓe a ciki. Kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma aka jingina a gefe guda daga waje tana taimakawa. Ma'aunin zafi na ɗaki wajibi ne, hannu ba ya auna wannan. Haka nan maganin sauro na fesawa da fiya-fiya ba sa shiga ɗakin da yake, suna kashe shi.

Bushewar hunturu na da tata illar. Macijin na son laimar iska ta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, hunturu kuwa kan saukar da ita ƙasa da 20. Jinjiri na saɓa kusan duk wata. Idonsa zai yi hazo, ya daina ci, bayan 'yan kwanaki ya tuɓe fatar gaba ɗaya. Idan iska ta bushe sai fatar ta fita guntu-guntu, sauran ya maƙale a ido ko ya shaƙe ƙarshen wutsiya har ta mutu ta guntule. Maganinsa maɓoya mai jiƙaƙƙen tsumma a ciki, kuma ba a ɓare fatar da farce. Bayan kowace taɓawa a wanke hannu da sabulu, domin macizai na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu ciki su nisanci robar, kuma ba a wanke ta inda ake wanke kwanuka.

Duk wannan bayani na wanda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo ne, wanda aka ga shaidar ya ci sau uku ko huɗu kafin a karɓe shi. Na daji daban ne: yakan zo da kaska da tsutsar ciki, ga firgici, da yawa su ƙi ci har su mutu. Ko a Amurka, jihar Jojiya ta hana ajiye shi. Amma abin da ya fi muhimmanci ga mutanen Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa shi ne babu macijin masara a dajin Afirka. Duk ƙaramin maciji mai zane da aka tsinta a ƙarƙashin damin kara, ko a gonar rani ta bakin dam ɗin Tiga, ko a gefen dajin Falgore, wani abu ne dabam, kuma yana iya zama jinjirin kububuwa, kasa ko kumurci. Waɗannan da dafinsu suke zuwa duniya. Kububuwa ko babba da wuya ta wuce santimita 60, don haka ƙanƙanta ba shaidar aminci ba ce. Kububuwar ce ke kai mafi yawan marasa lafiya asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe.

Mafi kusa da macijin masara a ƙasar nan shi ne macijin gida mai launin ƙasa-ƙasa ko baƙi, Boaedon fuliginosus. Ba shi da dafi, ɓera yake ci, kuma kiwonsa kusan ɗaya ne da wanda aka bayyana. Sai dai akwai wani ƙaramin baƙin maciji mai sheƙi da ke zama a ƙarƙashin ƙasa, daga dangin Atractaspis, wanda ke kama da shi ƙwarai. Haƙorinsa na fitowa ta gefen baki, yana iya sokar yatsa ko da an riƙe shi ta wuya, kuma dafinsa kan ruɓar da yatsan. Ƙwararru ma sun sha ruɗuwa da shi. Saboda haka shawarar likitancin dabbobi ita ce kada a ɗauki jinjirin maciji na daji da hannu. Macijin gida ya fi amfani a bakin rumbu yana rage ɓera. Mesa kuwa na cikin dabbobin da dokar Nijeriya ta 1985 ta ba kariya. Wanda maciji ya sara a garzaya da shi asibitin da ke da allurar kashe dafi, ba tare da tsaga wurin, tsotsa ko ɗaure shi tamau ba.

Wanda ya riga ya mallaki macijin masara ya kuma gaji da shi kada ya sake shi a Falgore ko wani daji. Baƙuwar dabba na iya kai cuta ga na gida, kuma saboda irin wannan tsoro ne Ostareliya ta haramta ajiye shi. A nemi shawarar gidan zu na Audu Bako da ke Kano ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kan inda za a miƙa shi.