Kafin ka sayi tsohuwar bindigar ɗuri

Bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, idan ta tsufa, kuɗinta na ga asalinta. Ɗauki Enfield ta 1853, wadda sojojin Ingila suka riƙe a yaƙin Kirimiya, aka kuma yi yaƙin basasar Amurka da ita daga 1861 zuwa 1865.

Kada ma a fara ciniki sai ka zura sandar ɗuri cikin bututun, ka gwada tsawon da ya shiga da tsawon bututun daga waje. In sandar ta tsaya da wuri, mai yiwuwa akwai tsohon ɗuri a ciki, kuma albarushi yakan tashi ko ya shekara ɗari.

Sannan ka duba farantin kunamar. Ta gaske galibi tana da kambin sarauta, shekarar ƙira da kalmar Tower ko Enfield, wadda aka yi wa gwamnati kuma da haruffan VR na Sarauniya Biktoriya. Maƙeran mashigin Khyber, tsakanin Pakistan da Afganistan, sun daɗe suna kwaikwayonta, amma hatiminsu kan tona su: harafi a juye, ko VR da shekarar da ta wuce 1901, alhali a shekarar sarauniyar ta rasu. Akwai kuma sababbi ƙirar Italiya da ake tsufar da su da gangan.

Ni dai ina gudun wadda aka goge tana sheƙi, domin gugar takan cinye hatimi ta karya daraja. Gara mai duhun tsufa wadda katakonta bai tsage ba.

Ka nemi bayanin lasisi wurin 'yan sanda kafin ka biya, kuma kada ka harba ta sai gwani ya duba.