Kafin Ka Jingine Injin Ban-Ruwa

Ɗana, an ce mini ka kwashe tumatirinka na ƙarshe, kana shirin ɗauko injin ban-ruwa daga fadama tunda hadari ya fara haɗowa. Madalla, Allah ya sa albarka. Sai dai kada ka jefa shi a zaure da ragowar fetur a ciki, sai bayan kaka ka zo kana jan igiya har kafaɗa ta yi tsami.

Fetur ba ya jure zama. In ya yi 'yan watanni a ajiye, mai ƙarfin cikinsa sai ya bi iska, sauran ya zama danƙo ya toshe ƙananan hanyoyin kafireto. Don haka ka juye tankin, ka bar injin ya cinye abin da ya rage har ya mutu da kansa. Amma ka yi hakan tun tiyo yana cikin ruwa, domin famfo in ya juya a bushe silinsa ƙonewa yake yi. Bayan nan ka kwance notin ƙasan famfon, ruwan ciki ya tsiyaye, kada tsatsa ta kama shi.

Baƙin mai kuwa, tun injin da ɗuminsa za ka yi juye, lokacin ne dattin ke biyo shi waje. Na san za ka ce me ya sa a zuba sabon mai a injin da zai kwanta. To, tsohon man cike yake da toka da guba mai cin ƙarfe, kuma ba ta hutawa don injin ya huta. Kamfanin Honda ya ce ƙananan injinansa a yi musu juyen farko bayan awa 20, daga nan kuma duk awa 100. Ni dai a ƙurar hunturu irin tamu ba na bari a kai ɗarin. Bayan juyen, ka cire filogi, ka ɗiga mai kamar cokalin shayi a ramin, ka ja igiya a hankali sau biyu ko uku, ka mayar. Janaretan gida ma haka, in zai daɗe ba a tayar ba. Tsohon man kuma kada a zubar kusa da rijiya.

Sai motarka. Abin da ya fi damuna shi ne lagireto. Kowa ruwan rijiya ko na burtsatse yake ɗurawa, alhali yana da gishiri da ke daskarewa a bututai. Ba za ka ga illar ba sai watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kana tsakanin Kano da Haɗeja allura ta haye ja. Ka sayi ruwan lagireto na gaske, mai launin kore ko ja. Yana hana tsatsa, ba ya kuma saurin tafasa. In mota ta yi zafi, kada ka kuskura ka buɗe murfin sai ta huce.

Da damina, duk ranar da ka ratsa ruwa mai zurfi, ka zaro gejin mai kafin ka sake tayar da ita. In ka ga man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Ka kira bakanike ya same ta inda take. Man birki shi ma yana shan laima daga iska, shekara biyu ta ishe shi.

Batun kaurin mai kuma, masu shago 20W-50 suke miƙo wa kowa. Ya dace da tsofaffin injina, amma yawancin motocin zamani 5W-30 ko ma 0W-20 suke so. Ka duba murfin da ake zuba man, sau da yawa a nan aka rubuta, in babu ka nemi littafin motar.

Ka gaida mahaifiyarka da yaran.